Mutuwar Setsuko: Gaskiya Ce ko Dabarar Mai Labari?

Autan gidanmu ɗalibi ne a jami'a a nan Damagaram, kuma babu abin da ke cinye masa kuɗin intanet kamar anime, wato katun ɗin nan na ƙasar Japan. Ni sanina da su bai wuce Dragon Ball da muke kallo a telebijin ɗin maƙwabta muna yara ba, sai daga baya da ya riƙa tura mini wasu a waya. Wani dare a fadarmu, ana jiran shayi na biyu, musu ya kaure tsakaninsa da abokansa. Na ɗauka na ƙwallo ne. Ashe a kan mutuwar wata yarinya ce ƴar shekara 4, wadda da alƙalami da fenti aka yi ta.

Bari in fara faɗa wa mai karatu tushen musun. Akwai wani salo da masu tsara labari suka daɗe suna amfani da shi. Za a bar ka ka saki jiki da dokar tatsuniya, inda jarumi ke faɗowa daga bene ya kakkaɓe ƙura ya ci gaba da gudu. Sai ka saba, sannan kwatsam a sako maka dokar duniya: a wannan karon wanda ya faɗo ƙafarsa ta karye, kuma ba ta ɗoru ba. Gabanka ya faɗi, ka ce lallai wannan labari ya faɗi gaskiya. Masoya anime sukan tara misalan irin haka, su yi ta gardama a kan wanne ya shiga cikin salon, wanne bai shiga ba.

Matsayin Auta shi ne duk abin da ake yabo da sunan gaskiya a anime wannan salon ne, ba wani abu ba. Ya ce a Dragon Ball mutum kan mutu, a tara ƙwallaye 7, a roƙi dodo ya tashe shi. A Naruto ma, bayan Pain ya ragargaza ƙauyen Konoha, an dawo da ran waɗanda ya kashe a harin. Da haka mai kallo ya koyi cewa mutuwa a katun hutu ce. Sai ga Attack on Titan a 2013, inda tun a kashi na farko wani ƙaton dodo ya cinye mahaifiyar jarumin a gaban idonsa, ba ta kuma dawo ba. Jama'a suka ce ga gaskiya ta zo. Auta ya ce: "Dodon da ya fi bene tsawo yana cin mutane, ina gaskiya a nan? Masunci ne ya canza ƙugiya don kifi ya gane tsohuwar." Har nan ban musa masa ba. Inda muka rabu shi ne da ya ɗauko Hotaru no Haka ya jefa a kwando ɗaya da su.

Ga wanda bai kalla ba, fim ne da Isao Takahata ya shirya a kamfanin Studio Ghibli, ya fito a 1988. Ma'anar sunan ita ce kabarin maƙesu, ƙwarin nan masu walƙiya da daddare. Labarin Seita ne, ɗan shekara 14, da ƙanwarsa Setsuko, a birnin Kobe a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Jiragen Amurka sun ƙone birnin a watan Yuni na 1945, mahaifiyarsu ta rasu da ƙuna, mahaifinsu kuma hafsan sojan ruwa ne yana fagen daga. Suka koma wajen wata gwaggo, zama ya ƙi daɗi, suka fita suka tare a wani kogon fakewa daga bom a bakin tafki. A can yunwa ta ci Setsuko kaɗan-kaɗan, har ta kai tana tsotsar duwatsun wasa a zaton alewa ce, tana mulmula taɓo ta ce tuwon shinkafa ne ta yi wa yayanta.

Hujjata ta farko mai sauƙi ce. Na ce salon da suke magana a kai da mamaki yake aiki, dole sai mai kallo ya sa ran wani abu sannan a fizge masa. Wannan fim kuwa da mutuwar Seita aka buɗe shi, yana yashe a tashar jirgin ƙasa ranar 21 ga Satumba, 1945. Tun ba ka gyara zama ba ka san babu wanda zai tsira. To ina mamakin?

Auta ya yi dariya, ya ce: "Yaya, ai gaya maka tun farko ɗin ma dabara ce, ta ma fi ta mamaki ciwo. Duk dariyar da yarinyar za ta yi, kana kallonta kana sane." Sannan ya tuna mini abin da ni da kaina na taɓa gaya masa. Fim ɗin ya samo asali ne daga gajeren labarin da Akiyuki Nosaka ya wallafa a 1967, kuma shi Nosaka ƙanwarsa ta mutu da yunwa a 1945. Amma ita jaririya ce da ba ta kai shekara 2 ba, aka mayar da ita ƴar shekara 4 mai magana da wasa. Nosaka ya rayu har 2015, Seita kuwa an kashe shi a labarin. Marubucin ya sha bayyana cewa shi bai kai Seita kirki ba, ya ci abincin da ya kamata ya ba ƙanwar tasa, kuma labarin neman gafara ne gare ta. Auta ya ce: "Ka gani? Har wanda abin ya faru da shi sai da ya gyara."

A daren nan ban samu amsa ba. Na koma gida abin yana cina, domin ya taɓo wani miki da na daɗe ina rufewa.

Shekarun baya, a lokacin da rumbuna suka ƙare kuma sabon hatsi bai nuna ba, gidan rediyon da nake aiki ya tura ni wani ƙauye in haɗo rahoto a kan tamowa. Na zauna da wata baiwar Allah wadda ɗanta ya rasu makonni kaɗan kafin zuwana. Mun yi hira ta kusan minti 40. Mafi yawan maganarta a kan kuɗin tiyar hatsi ce, da nisan asibiti, da bashin da mijinta ya ci kafin ya tafi cirani. Ta yi dariya har sau biyu, ɗaya a kan wata akuyarta mai ɓarna. Kukan da ta yi bai kai rabin minti ba. Da na dawo na zauna gaban na'ura, minti 3 aka ba ni. Na yanko kukan nan na sa shi a farko, na shimfiɗa kiɗa mai sanyi a ƙarƙashinsa, na zubar da batun bashi da na akuya. Rahoton ya fita, masu sauraro suka yi ta kira, aka yaba mini.

Babu sauti ɗaya a rahoton nan da na ƙirƙira. Muryarta ce, kukanta ne. Duk da haka matar da jama'a suka ji ba ita ce wadda na zauna da ita a kan tabarma ba. Wadda na gani mace ce mai lissafi, ta san abin da ya kashe ɗanta, ta kuma jera mini shi ɗaya bayan ɗaya. Wadda na watsa kuwa kuka kawai ta iya. Na yi ƙarya da kayan gaskiya, kuma takardar shaidar aikin jarida da ke rataye a ɗakina ba ta hana ni ba.

Wannan ne ya sa na gane cewa ni da Auta mun ɗauki musun ta gurguwar ƙafa. In tambayar ita ce ko an shirya abin, to ya ci ni, don babu labarin da ba shiryayye ba. Mai zane yana zaɓe, mai rahoto yana zaɓe, kaka mai tatsuniya ma tana zaɓe. Abin da ya kamata a tambaya shi ne: wahalar da aka nuna, wa take yi wa aiki? In an kawo ta ne don a girgiza mai kallo a wuce, ta shiga salon da suke faɗa, ko da kuwa ta faru da gaske. In kuwa labarin ya tsaya tare da mai wahalar, ya nuna sanadinta da abin da ya biyo baya, har da ɓangaren da ke rage wa kuka daɗi, to ya wuce dabara.

A kan wannan ma'auni Hotaru no Haka ya tsira. Da hawaye kawai Takahata yake nema, da ya mayar da gwaggon nan mayya. Bai yi ba. Tana da baƙar magana, amma ita ma gida take riƙe da shi cikin rabon abinci na lokacin yaƙi, kuma ba ta kore su da bakinta ba. Seita ne zuciya ta ɗebe shi ya fita da ƙanwarsa, ya ƙi komawa ya ba da haƙuri ko da wani manomi ya ba shi shawarar haka. Takahata da kansa ya ƙi yarda a kira fim ɗin na adawa da yaƙi kawai, ya ce ya so ya nuna yaran da suka ware kansu daga jama'a da abin da hakan ya jawo. Shi ya sa in ka gama kallo kukanka ba ya fita salin-alin. Kana tausayin yaron kana jin haushinsa, kana kuma tambayar kanka me za ka yi da kai ne gwaggon.

Haka fim ɗin Sunao Katabuchi na 2016, Kono Sekai no Katasumi ni, labarin Suzu, amaryar da aka kai Kure kusa da Hiroshima. Wani bom da ya faɗi bai tashi ba sai daga baya ya kashe ƴar yayar mijinta da take riƙe da hannunta, ya kuma cire mata hannun dama, hannun da take zane da shi. Wannan lokacin yana da firgici kam. Amma fim ɗin bai juya ya bar ta ba. Ya ci gaba da ita tana fama da aikin gida da hannu ɗaya, tana zaune gida ɗaya da uwar yarinyar da ta ɗora mata laifi. Firgicin na daƙiƙa ne, rashin hannun kuwa har ƙarshen fim.

Kakanninmu sun fi mu adalci a wannan fage. Mai tatsuniya kan rufe da ƙurunƙus, ta jingina ƙaryarta ga Gizo, kowa ya tashi ya san wasa aka yi. Dragon Ball ma irin wannan ne, bai taɓa cewa ga yadda duniya take ba, don haka ba ni da ƙorafi a kansa. Nauyi yana kan wanda ya ce da kai ga gaskiya. Shi ya ci bashin mutanen da ya ari wahalarsu, kuma ba a biyan wannan bashi da hawayen mai kallo.

Da na kai wa Auta wannan bayani bayan kwana biyu, bai sallama ba. Ya ce Attack on Titan ma daga baya ya zauna da sakamakon mace-macensa, don haka in na yi adalci sai in cire shi daga kwandon. Wataƙila yana da gaskiya, har yanzu muna kai. Abin da dai na sani shi ne, tun daga lokacin, in na zauna yanke murya na iso inda mutum ya fashe da kuka, nakan ɗage hannu daga na'ura in saurari abin da ya faɗa kafin kukan da bayansa. Sautin hirar matar nan yana nan a ajiye, duk minti 40 ɗin. Ranar nan na sake saurare har inda take ba da labarin akuyarta tana dariya.