Mai Fiffike da Mai Rijiya

A arewacin Kawar, cikin jihar Agadas, akwai wani ƙaramin zango da ake kira Segedin. Arzikinsa dabino da gishiri da ruwan rijiya, mazaunansa kuwa Barebari da Tubawa. A nan hanya take rabuwa biyu: ɗaya ta nufi Jado, ɗaya ta bi ta Madama zuwa iyakar Libiya. Daga Agadas zuwa Segedin, in an miƙe kamar tafiyar tsuntsu, nisan ya haura kilomita 600. Ayarin gishiri na Abzinawa yakan yi makonni kafin ya ratsa Tenere ya isa Bilma, mota mai ƙarfi takan kwana biyu ko uku a hanya, amma ƙaramin jirgi mai kujera huɗu irin Cessna 172, wanda ke cin kimanin kilomita 220 a awa, zai yanke wannan nisa cikin awa uku.

Wanda ya mallaki irin wannan jirgi, ya kuma iya tuƙa shi da hannunsa, a ganin ido ya sami abin da ɗan Adam ya daɗe yana marmari, wato ya tashi lokacin da ya so, ya sauka inda ya ga dama, ba jiran madugu, ba roƙon mai rijiya. Tambayar da ta cancanci nazari ita ce: shin wanda ya sayi fiffike da dukiyarsa ya sayi ƴanci ne daga haƙƙin jama'a, ko kuwa ya ƙara wa kansa nauyin da mai tafiya a ƙasa bai ɗauka ba?

Masu ra'ayin farko suna da hujjarsu. Sukan ce dukiya ta mai ita ce muddin ta hanyar halal ya same ta, rai ma nasa ne, in ya jefa shi cikin kasada shi ya jiyo. Sukan ƙara da cewa iya ruwa fid da kai, saboda haka matuƙin da ya ƙware ba ya bin kowa bashi, ba a kuma binsa. Maganar tana da daɗin ji, sai dai ba ta jure gwaji in aka dubi yadda jirgin yake rayuwa a ƙasa, inda yake shafe mafi yawan kwanakinsa.

Sayen jirgi shi ne mafi sauƙi a cikin al'amarin. Injinsa yana shan lita talatin zuwa talatin da biyar a kowace awa, na wani mai na musamman wanda ba a samunsa a gidan man mota. Ana canza masa baƙin mai bayan kamar awa 50 na tashi, ana yi masa binciken ƙwaƙwaf duk shekara, bayan kimanin awa 2,000 kuma a kwance injin ɗungurungum a sabunta shi. A hamada wahalar ninkuwa take yi. Rairayi yana cin farfela, yana toshe matatar iska. Zafin rana yana sa iska ta yi sako-sako, har jirgi ya buƙaci fili mai tsawo kafin ya ɗaga. Ƙurar hunturu kuma tana iya shafe sama da ƙasa cikin ɗan lokaci. Duk wannan aiki yana hannun mutanen da ba a ganinsu: makanikin da ya ɗaure noti, mai tace mai, ma'aikacin hasashen yanayi, da jami'in hukumar ASECNA, wadda aka kafa a 1959, da ke karɓar takardar shirin tafiya don a san inda za a nufa in jirgi bai iso ba. Ashe mai jirgi bai rabu da ayari ba, ayarinsa ne ya ɓuya daga idonsa.

Nan nauyi na farko yake, wato gaskiya a wurin da babu mai tsaro. Kowane jirgi yana da littafin da ake rubuta awoyinsa da gyare-gyarensa. Mai shi yana iya rage awa goma a rubuce don ya jinkirta kashe kuɗi, yana iya jin wata baƙuwar ƙara a injin ya kau da kai, ba wanda zai sani a ranar. Amma wanda zai hau jirgin gobe, ko wanda zai saye shi baɗi, ransa yana rataye da wannan layi ɗaya na tawada. Littafin jirgi amana ce, kuma ƙarfe ba ya karɓar uzuri.

Nauyi na biyu ya fi wannan wuya, domin yaƙi ne da son zuciya. A watan Afrilun 1933 wani Bature ɗan Ingila, Bill Lancaster, ya tashi da ƙaramin jirginsa yana neman ya kafa tarihin sauri daga Ingila zuwa ƙarshen Afirka ta Kudu. Ya iso Reggane a kudancin Aljeriya a gajiye, ba barci, yana bayan lokacin da ya ɗibar wa kansa, amma ya ƙi tsayawa. Bai yi nisa ba injin ya mutu, ya faɗi a hamadar Tanezrouft. Ya yi kwana takwas a inuwar fiffike yana rubuta halin da yake ciki, ana nemansa ba a gan shi ba, sai a 1962 sojojin Faransa suka tarar da gawarsa. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, gaskiya ne, kuma ba kowane hatsari ne laifin matuƙi ba. Mutanen Agadas sun san ɗacin wannan tun ranar 15 ga Disamba 1995, da ƙaramin jirgin da ya ɗauko Mano Dayak ya faɗi a duwatsun Abzin, ga filin jirgin garin nan yana ɗauke da sunansa. Amma yarda da ƙaddara ba ta ɗauke wa mutum wajibin auna iska da mai da gajiyarsa. Wanda ya tashi cikin ganganci ba shi kaɗai ya jefa cikin kasada ba, har da abokin tafiyarsa, da iyalinsa, da waɗanda za su bar gidajensu su shiga daji nemansa. Babbar ƙwarewar matuƙi ita ce ya san ranar da zai ce yau ba tafiya.

Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, in ji Hausawa. A ƙarshen Disambar 1935 marubucin nan na Faransa, Antoine de Saint-Exupéry, ya faɗi da jirginsa a hamadar da ke tsakanin Libiya da Masar, shi da makanikinsa André Prévot, suna kan hanyar Saigon. Bayan kwanaki na ƙishirwa, wani Balaraben daji a kan raƙumi ne ya tsince su ya shayar da su. Bai tambayi asalinsu ba, bai nemi lada ba. Ya bi dokar da kowane ɗan hamada ya sani, cewa ba a wuce mai ƙishirwa.

Daga nan nauyi na uku ya fito, shi ne kuma ya fi shafar Segedin. A watan Yunin 2017 an kawo wannan zango mutum 24 daga cikin wani ayarin ƴan ci-rani 75 da direbobi suka yasar a daji. Sauran hamada ta cinye su. Abin da mai raƙumi zai yi kwanaki yana bin sawunsa, mai jirgi yana iya hango shi cikin awa guda: mota a kafe, tufafi a shimfiɗe, mutane suna ɗaga hannu. Ba zai iya sauka a kan tudun rairayi ba, jirginsa ma ba zai ɗauki mutum ashirin ba, amma yana da rediyo, yana da na'urar da ke nuna daidai inda yake, yana iya kewayawa ya tabbatar, ya kai labari Dirku. Haka aka ceci Thierry Sabine a 1977, da ya ɓace a kan babur a wannan yanki, jirgin da ya fita nemansa ya hango shi, ya rayu har ya kafa tseren Paris-Dakar. Gani yana haifar da wajibi, kuma wanda ya fi kowa hange ya fi kowa rashin uzuri.

Saboda haka mallakar ƙaramin jirgi ba abin zargi ba ce, kamar yadda mallakar ingarman doki ba ta zama laifi ga magabata ba. Jin daɗin tashi da asuba, a ga inuwar duwatsun Kawar tana miƙewa a kan rairayi, ni'ima ce da ba a hana kowa. Kuskuren shi ne mai jirgi ya ɗauka nisa da ƙasa nisa ne da mutane. Madugun ayari ba a girmama shi don yawan raƙumansa. Ana girmama shi don ya san rijiyoyi, yana duba kaya kafin a tashi, yana iya tsai da tafiya in iska ta canza, kuma ba ya barin kowa a baya. Da wannan mudu ya kamata a auna matuƙi. In ya cika shi, mutanen Segedin za su ji ƙarar injinsa su ɗaga kai da murna. In bai cika ba, ranar da ya sauko ba shiri za su kai masa ruwa duk da haka, domin su ba su taɓa sayar da nasu nauyin ba.