Ruwan Rima da Ƙaddara

A daminar 2010 Gulbin Rima ya tumbatsa, ruwa ya cinye gonakin fadama daga Isa zuwa Sabon Birni, ya jiƙa gindin rumbunan laka har suka zube da geron bara a ciki. Duk wanda ka yi wa jaje, "haka Allah ya so" zai ce. Na yarda da wannan har zuciyata. Abin da ke damuna shi ne sake gina rumbu a kwarin nan. Sayyidina Umar ya juyo daga hanyar Sham saboda annoba, imaninsa bai ragu ba. Sai dai manomin Gobir yau, tudun da zai koma 'yan bindiga ne a dajinsa. Da wane baki zan ce masa ya yi sakaci?