Me Ya Tsayar da Motar Kara?

Da an gama girbin dawa da masara a ƙauyukan da ke kewaye da Kafanchan, yara sun samu kayan aiki. Su ɓare bayan kara, su yayyanka totuwar, su harhaɗa jikin mota da tsinke. Taya kuwa daga tsohon silifa ake yankowa, ko a huda murfin kwalba a zura masa wayar keke. Sai a nemi gangara, a jera motocin, a sake su. Wata ta yi nisa, wata ta cije tun ba a je ko'ina ba, amma kowacce daga ƙarshe sai ta tsaya.

Nan ne yaro kan juyo ya ce, "Baba, me ya tsayar da ita, ba wanda ya taɓa ta?" Sau da yawa amsar ita ce, "Ikon Allah ne, je ka ci gaba da wasanka." Musulmi da Kirista a garin duk suna ba da wannan amsa, kuma gaskiya suka faɗa. Abin dubawa shi ne ko ya dace a rufe bakin yaro da ita.

Tambayar ba ƙarama ba ce. Aristotle ya ɗauka cewa abin da aka tura ba ya ci gaba da tafiya sai akwai mai tura shi, kuma mutane suka yi ɗaruruwan shekaru a kan haka, domin abin da ido ke gani ke nan. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ga abin daban. A ganinsa dutsen da aka jefa yana ɗauke da wani karkata a cikinsa, kuma abubuwan waje, kamar iska, su ne ke cinye shi. Sai a 1687 Isaac Newton ya kafa ƙa'idar sosai: abu mai tafiya ba ya tsayawa sai wani ƙarfi ya tare shi. Abin da ya tare motar kara gogayya ce, tsakanin taya da ƙasa, da tsakanin waya da ramin da take juyawa a ciki. Yaron da ya ɗiga manja a ramin, ya ga motarsa ta wuce ta abokinsa, ya riga ya gano rabin darasin da hannunsa.

Ɗaya rabin yana tashar jirgin ƙasa. Layin dogo ne ya raya Kafanchan, inda hanyar Fatakwal zuwa Kaduna ta haɗu da reshen da ya isa Jos a 1927. Tayar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba ta shan tirjiya kamar tayar roba a kan kwalta, shi ya sa kan jirgi ɗaya ke jan taragai masu tarin yawa. Amma wannan santsin kansa masifa ne. In ruwa ya jiƙa dogo, ga hawa zuwa tudun Jos mai tsayin kusan mita 1,200, taya sai ta yi ta juyawa wuri ɗaya. Saboda haka ake yi wa kan jirgi akwatin yashi, direba ya riƙa zubo shi gaban taya don ta samu abin kamawa. Gogayyar da ke rage gudu ita ce ke ba da damar tashi, ita ce kuma ke sa birki ya ci. Duk ɗan acaban da ya taɓa bin hanyar burji da damina ya san haka.

To, bayani irin wannan yana rage wa Allah iko ne? Malamai sun daɗe da tattauna batun sababi. Imam Al-Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin wuta da auduga, yana ganin Allah ne ke halittar ƙunar duk lokacin da suka haɗu, bisa al'adar da Ya gudanar. Ibn Rushd ya ja da shi, ya ce musun sababi musun ilimi ne. Sai dai shi Ghazalin da kansa ya gargaɗi masu ƙaryata lissafin husufin rana da wata da sunan kare addini, ya ce cutar da addinin suke yi. Newton ma mutum ne da ya rubuta tarin takardu kan Littafi Mai Tsarki, yana kallon tsarin halitta a matsayin shaidar Mahalicci. Babu ɗaya cikinsu da ya ce a daina tambaya.

Mai imani da ya ce Allah ne ya tsara duniya, ya kamata ya fi kowa son sanin tsarin. Hana yaro bin diddigi yana koya masa cewa addini na tsoron tambaya, kuma wannan zato ne mai haɗari da zai girma da shi.

Ɗaliban da ke koyon malanta a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya ba sai sun jira ɗakin gwaji ba. Su sa yara su ƙera motocinsu, a jingina katako ɗaya, a saki mota a kan siminti, a kan yashi, a kan tabarma, a auna nisan da igiya, kowane yaro ya faɗi dalilin bambancin kafin malam ya buɗe baki.