Hutun Hunturu da Amanar Lokaci a Wuyan Ɗalibi

Idan kaka ta wuce a ƙasar Magariya da Dungas, aka ɗaure dammunan gero aka cika rumbuna, aka cire gyaɗa aka roro wake, kana iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas da hazon da ke dushe hasken rana, to, a lokacin ne ɗaliban kwaleji da na lise suke kusantar ƙarshen zangon farko na shekarar karatun da aka buɗe tun watan Oktoba. Da yawa daga cikinsu ba ƴan gari ba ne. Daga ƙauyukan Bande da Waca da Yekuwa, ko na Guci da Malawa da Dogo-Dogo, iyaye suka kawo su suka damƙa wa masu masauki, suna sammakon zuwa lakwal cikin ɗari da ƙafa mai kaushi, wasunsu ma a rumfunan zana suke ɗaukar darasi, inda iska ke kutsowa ta ko'ina. Bayan 18 ga Disamba, ranar da aka ayyana Jamhuriyar Nijar a 1958, ba a daɗewa ake sallamarsu hutu, kowa ya ɗaure littattafansa ya nufi gida, sai farkon Janairu.

Mas'alar da ta cancanci a tsaya a kanta ita ce, waɗannan kwanaki na wane ne? Ɗalibi yana ganin nasa ne, ladan gajiyar da ya sha. Uba yana ganin nasa ne, domin ga lambu yana jiran ban ruwa, ga bisashe suna jiran harawa. Malamin zaure kuwa yana ganin lokaci ya yi da yaron da boko ya ɗauke masa zai dawo gaban allo. Kowannensu yana da hujja, kuma idan ba a auna hujjojin nan da ma'aunin adalci ba, sai kwanakin su ƙare cikin ja-in-ja, yaro ya koma makaranta bai huta ba, bai taimaki kowa ba, bai ƙaru da kome ba.

Akwai masu cewa tun da yake wannan hutu gadon tsarin Faransa ne, wanda aka daidaita shi da Kirsimeti da shigowar sabuwar shekarar miladiyya, babu wani alherin da musulmi zai nema a cikinsa. Batun asali gaskiya suka faɗa, amma hukuncin da suka ɗora a kai bai tsaya ba, saboda dare da rana halittar Allah ne, kuma babu wata al'umma da ta mallaki kwanaki har su zama haramun ga waninta. Ɗan Magariya yana rayuwa ne cikin lissafi uku a lokaci guda: na manomi, mai bin damina da kaka da hunturu da bazara, na gwamnati, mai bin watannin Nasara, da na Hijira, wanda yake gajarta da kimanin kwana 11 a kowace shekara, har azumi yake zagaya dukkan yanayi. Ramadan na shekarar 2025 ya kama a farkon Maris, kuma bisa lissafin masana falaki a 2030 zai kama sau biyu, a Janairu da kuma ƙarshen Disamba, ta yadda hutun da ake wa kallon baƙo zai haɗu da farkon watan Alƙur'ani. Ashe ke nan darajar lokaci tana ga abin da bawa ya zuba a cikinsa.

Ma'aunin da nake ganin ya fi dacewa shi ne wanda ya zo cikin Sahihul Buhari game da Salmanul Farisi da ɗan'uwansa Abud Darda'i, Allah ya yarda da su. Salmanu ya tarar Abud Darda'i ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare har ya manta da jikinsa da iyalinsa, sai ya tunatar da shi cewa Ubangijinsa da ransa da iyalinsa duk suna bin sa hakki, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaskata Salmanu. Idan har ibada, duk da girmanta, ba a yarje mata ta cinye sauran hakkoki ba, ina ga wasa, ina ga aikin lambu, ina ga bitar jarrabawa?

Hakkin rai shi ne manya suka fi saurin mantawa, alhali kuwa malamai magabata ba su manta da shi ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi bayani cikin Ihya'u cewa wajibi ne a bar yaro ya yi wasa mai kyau bayan karatu, domin hana shi yana kashe zuciya, ya dakushe basira, ya sa yaro ya ƙi ilmi baki ɗaya. Saboda haka saurayin da ya zauna jin ɗumi da tsaransa suna hira, ko ya yi langa da dara, ko ya kasa kunne ga rediyo lokacin da ƴan kokowar jihohi ke neman takobin ƙasa, gasar da aka fara a Tawa a 1975, yana jin yadda ta kaya da ƴan Damagaram, bai aikata abin zargi ba matuƙar salla ba ta kuɓuce masa ba. Budurwar da ta halarci bikin ƙawarta, tun da bayan kaka ne aure ke yawaita, ta sada zumunci, kuma zumunci ibada ne. Hutawar da aka yi da niyyar samun ƙarfin komawa aiki tana da lada, kamar yadda barcin mai son tashi sallar asuba yake da lada.

Hakkin iyali kuwa shi ne ɗalibai suka fi saurin rainawa. Fadamun Korama da tafkunan da ke wannan yanki sun daɗe suna ciyar da jama'a da rake da rogo da kayan miya, kuma tun bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta ƙarfafa noman rani, lambu ya zama gatan gidaje da dama a watannin da babu ruwan sama. Yaron da ya koyi lissafi da kimiyyar tsirrai, sannan ya ji kunyar riƙe guga da fartanya a gaban mahaifinsa, ilminsa ya haifar masa da girman kai, alhali daga wannan lambun aka sayi kayen da yake rubutu a ciki. Sai dai a nan ma iyaye suna da iyaka, domin hunturu lokacin cirani ne, hanyar Babura da Maigatari da Kano a buɗe take, kuma sau da yawa yaron da aka tura neman kuɗin mako guda yakan ɗanɗana ciniki ya ƙi dawowa, ko yarinya mai hazaƙa a ɗaura mata aure ana saura watanni kaɗan ta zauna jarrabawar BEPC. Fatauci halal ne, Alƙur'ani ma ya ambaci tafiyar Ƙuraishawa ta hunturu da ta bazara cikin ni'imomin da aka yi musu, aure kuma sunna ne. Amma uban da ya karɓi aron ɗansa na ƴan kwanaki ya riƙe shi har abada ya ci amanar da shi da kansa ya ƙulla ranar da ya kai shi makaranta.

Hakkin Ubangiji shi ne asalin sauran, kuma hunturu yana da hanyarsa ta gwada shi. Ruwan buta yakan yi sanyi da asuba har hannu ya ƙage, kuma a irin wannan hali ne hadisin da Muslim ya ruwaito ya yi bushara da kankare zunubi ga mai cika alwala duk da wuyarta. A wannan lokaci ne kuma almajirai suka saba hura wutar kara tun kafin alfijir suna tilawa, al'adar da ta girmi makarantar boko a ƙasar Damagaram da ƙarnuka. Babu abin da zai hana ɗan lise ya zauna tare da su ya gyara karatunsa, ya maimaita Ahalari ko Ishmawi a gaban malami, domin wanda ya san dokokin lissafi bai san farillan alwalarsa ba, gininsa ba shi da harsashi.

A nan ne hikimar hutu take bayyana. Cikin zango ƙararrawa ce ke tashin ɗalibi, tsoron mushe ne ke zaunar da shi, maki ne ke jan sa, har ba a iya rarrabe mai son ilmi da mai gudun bulala. Idan aka ɗauke waɗannan duka, abin da ya rage shi ne niyya, kuma a kanta ake hisabi. Manoman nan sun san gawo, wanda suke raya shi a gonakinsu: yana kaɗe ganye da damina lokacin da kowace bishiya ke taƙama da kore, kana ya yi lif da rani sa'ad da saura suka bushe, saboda saiwarsa ta kai ga ruwan da ba a gani. Haka ɗalibin ƙwarai yake, ana gane shi ne a lokacin da babu mai tsare shi.

Don haka amsar mas'alar ita ce, kwanakin hutu aro ne daga Allah, an danƙa su ga ɗalibi domin ya koyi rabon hakki da kansa tun kafin girma ya ɗora masa iyali da jama'a. Ya ba asuba ga salla da tilawa, ya ba hantsi ga iyayensa, ya ware wani yanki na yini ga bitar darussa, musamman mai fuskantar BEPC ko BAC, ya huta da maraice ba tare da jin laifi ba. Iyaye kuma su mayar da shi makaranta ranar da aka koma, da guzurinsa da albarkarsu, domin Annabi ya yi gargaɗi cewa lafiya da sarari ni'imomi ne da mutane da yawa suke tafka hasara a cikinsu, kuma matashi ne ya fi kowa mallakar su biyun a haɗe. Allah ya sa wa yaranmu albarka, ya ba su ilmi mai amfani.