Hukuncin Matar Aure Mai 'Ya'ya Ta Koma Makarantar Koyon Aikin Jinya



Akwai wata mas'ala da ta yawaita a gidajen Musulmi, har takan kai ma'aurata gaban iyaye, wani lokaci ma gaban alƙali. Mace ce aka yi wa aure bayan ta gama sakandare, ko kuwa ta soma makarantar koyon aikin jinya sai ciki ko ƙaura ya katse mata karatu. Yanzu ga shi ta doshi shekara 40, tana da 'ya'ya biyar ko shida, auta yana firamare, sai ta ce tana so ta koma ta ƙarasa. Maigida ya ce ina aka taɓa yin haka, dangi su ce boko ya wuce ta, maƙwabta su ce neman hanyar yawo ne. Kowannensu kuwa da addini yake jingina maganarsa. Saboda haka ya kamata a duba abin da addinin ya faɗa, domin kada a ɗora masa abin da ba nasa ba.

Farko dai, aikin jinya da ungozomanci farilla ce ta kifaya, watau irin farillar da idan wasu suka tsaya da ita gwargwadon buƙata an ɗauke wa saura, idan kuwa aka rasa masu yi, to, laifin ya hau kan duk mai iko a cikin jama'ar. Imam Gazali, wanda ya rasu shekara ta 505 bayan Hijira, ya sa ilimin likitanci cikin wannan kashi a littafinsa Ihya'u Ulumiddin. Ya kuma koka da mutanen zamaninsa, domin ya ga garuruwa da yawa babu likita Musulmi ko ɗaya a cikinsu, alhali ɗalibai suna turereniya wajen karatun jayayyar fiƙihu, saboda ita ce ke kai mutum ga alƙalanci da riƙon dukiyar waƙafi. Wannan kuka da ya yi shekaru ɗari tara da suka wuce bai tsufa ba a ƙasar Hausa.

Binciken lafiyar iyali da aka gudanar a Nijeriya a shekarar 2018 ya nuna cewa cikin haihuwa 100, guda 43 kaɗai ƙwararren ma'aikacin lafiya ya karɓa, a jihohin Arewa maso Yamma kuwa ba su kai 20 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kimanin 82,000 suka rasu a ƙasar nan ta sanadin ciki da haihuwa, watau sama da 200 a kowace rana. Abubuwan da ke kashe su sanannu ne: zubar jini, da jijjiga, da doguwar naƙuda, da zazzaɓin da ke biyo bayan haihuwa, kuma galibinsu ungozoma mai horo takan gane alamarsu da wuri. Ajali na Allah ne, babu mai musun wannan. Amma Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, da ya ji labarin annoba ta ɓarke a Sham, juyawa ya yi da jama'arsa daga hanya, bai ga cewa yin haka ya saɓa wa imani da ƙaddara ba.

Abin mamaki shi ne, mutumin da ya hana matarsa da 'yarsa wannan karatu, shi ne gobe zai tsaya bakin ɗakin haihuwa yana tada jijiyar wuya don namiji ne zai duba iyalinsa. Wani ma gara ya bar ta a ɗaki kwana biyu tana fama da naƙuda, har kan jariri ya danne mafitsara ya huda ta. Wanda ya taɓa leƙa asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, inda ake yi wa masu yoyon fitsari aiki, ya san ƙarshen wannan hali. Lalle shari'a ta yarda namiji ya duba mace idan lalura ta kama, gwargwadon lalurar. Sai dai jama'ar da ta zauna shekara da shekaru tana dogaro da rangwamen lalura, alhali tana da ikon horar da matanta, ba ta da hanzari a gaban Allah.

Masu cewa wannan aiki baƙo ne a Musulunci ba su karanta tarihin Madina ba. Rufaida, daga ƙabilar Aslam, tana da hema a masallacin Annabi inda take jinyar masu rauni. A yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira, kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu, shugaban Ausu, a jijiyar hannu, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni a kai shi hemar nan domin ya riƙa duba shi kusa. Ummu Aɗiyya ta fita yaƙi sau bakwai tana dafa abinci tana jinyar majinyata. A ranar Uhudu, da jini ya ƙi tsayawa a fuskar Manzon Allah, Nana Faɗimatu ce ta ƙona guntun tabarma ta danna tokar a kan raunin har ya tsaya, kuma a lokacin matar aure ce.

Sai maganar shekaru. Shari'a ba ta sa wa neman ilimi iyaka ba. Imam Buhari ya lura a cikin Sahihinsa cewa sahabbai da girmansu suka yi karatu. Al-Ƙaffal na birnin Marwa maƙerin kwado ne, sai da ya kai shekara 30 sa'an nan ya shiga fiƙihu, ya kuwa zama shugaban Shafi'awan Hurasan kafin rasuwarsa a shekara ta 417. Ba sai an je nesa ba ma. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, da ta tashi kafa ƙungiyar 'Yan Taru, manyan mata ta zaɓa ta naɗa su jaji, ta ba su malafa, su ne suke bin ƙauyuka suna karantar da 'yan'uwansu. Ta san cewa mace mai shekaru ana jin maganarta, kuma babu mai zarginta idan ta shiga gida.

Wannan dalili yana nan daram a aikin jinya. Matar da ta haifi shida ta san zafin naƙuda a jikinta, ba a littafi kaɗai ba. Mai ciki ta fi sakin jiki da ita, uwar miji ma da take ganin yarinya 'yar shekara 20 ba ta isa ta koya mata wankan jego ba, za ta saurari sa'ar ƙanwarta. Bugu da ƙari, ita mai gida ce a garin, ba ta da niyyar tashi. Hukumar da ke kula da aikin jinya da ungozomanci ta bayyana a 2024 cewa ma'aikatan jinya sama da 42,000 suka bar ƙasar nan cikin shekara 3. Yarinyar da aka horar tana iya bin miji wani gari, ko ta tafi Ingila ko Saudiyya. Uwar 'ya'ya shida tana nan inda aka san ta. An gwada wannan kuwa: daga 2012 zuwa 2020 an gudanar da wani shiri da tallafin gwamnatin Ingila a jihohin Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, daga baya har Borno, inda aka ɗebo matan karkara, har da matan aure, aka yi musu karatun share fage, aka kuma tanadi ɗakunan reno a makarantun domin masu goyo.

Duk da haka, kada mai niyya ta ruɗi kanta cewa abin mai sauƙi ne. Ana buƙatar kiredit 5, a Turanci da Lissafi da Fizis da Kimistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu, kuma wadda ta bar aji shekara 20 mai yiwuwa sai ta sake zama jarrabawar tare da sa'o'in 'yarta. Tsarin da aka daɗe ana bi na shekara 3 ne, yanzu kuwa makarantu da yawa sun koma tsarin difloma na shekara 4. Ban da aji akwai aiki a ɗakunan majinyata, har da na dare. Wasu makarantu kuma suna sa iyakar shekaru wajen ɗaukar ɗalibai, abin da ya kamata hukumomi su sake dubawa a jihohin da ake neman ungozoma ruwa a jallo.

A nan ne haƙƙin miji yake shigowa, kuma ba za a yi masa kwaskwarima ba. Malamai sun rarrabe tsakanin ilimin da yake farilla a kan kowa, kamar sanin tsarki da salla, wanda miji ba shi da ikon hana matarsa fita nemansa idan shi ba zai koya mata ba, da ilimin kifaya, wanda fita dominsa sai da izninsa. Shehu Usmanu ya yi kakkausan zargi a littafinsa Nurul Albabi ga malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna karantar da na waje. Aikin jinya yana cikin kashi na biyu, saboda haka ba ya halatta mace ta sa ƙafa ta fita bisa gaban kanta tana cewa ai farilla ce. Amma shi ma maigida ya sani izinin nan amana ce a hannunsa, za a tambaye shi a kan me ya bayar, a kan me ya hana. Idan dalilinsa jariri ne da ba a yaye ba, ko tsohuwa a kwance babu mai kula da ita, wannan dalili ne, sai a jinkirta. Idan kuwa tsoron bakin majalisa ne, ko gudun kada mace ta fi shi takarda, to, wannan ba ya cikin abin da Allah Ya ba shi shugabanci dominsa. Wanda ya yi alkawari tun wajen neman aure cewa zai bar ta ta ƙarasa karatu, cika alkawarin shi ne halin mumini, ko da alƙali bai tilasta shi ba.

Ci da sha da tufa da muhalli suna nan a kan miji, tana karatu ko tana aiki. Albashinta nata ne. Idan ta taimaka da shi bisa son ranta, tana da abin koyi ga Zainabu matar Abdullahi ɗan Mas'udu, wadda take ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta, aka kuwa yi mata bushara da lada biyu, na zumunci da na sadaka. Ya fi kyau a zauna a yi wannan magana tun kafin a sayi fom, da shaidar manya, domin yawancin rigimar gidajen ma'aikata ranar albashi take tashi.

Akwai wata ɓarna da ba a cika ambata ba. Uwa ta tafi makaranta, sai a sauke dukan nauyin gida a kan babbar 'ya mai shekara 14: ita ce girki, ita ce wanki, ita ce goyo, har ta riƙa fashin aji, daga nan a ce ba ta da ƙoƙari a aurar da ita. An gyara karatun uwa ke nan da rushe na 'ya, bayan shekara 20 kuma ita ma ta zo tana neman komawa. Wannan zalunci ne. Yara maza su ma suna da hannu, uba ma haka, domin Nana A'isha ta ba da labarin cewa Manzon Allah yakan yi wa iyalinsa hidima a cikin gida. Inda akwai abokiyar zama, ba a tilasta mata renon 'ya'yan wata, sai dai a roƙe ta a kuma kyautata mata. Idan aikin dare ya faɗo ranar girkin mai karatu, suna iya musayar kwana da yardar juna da ta maigida. Nana Saudatu ta ba Nana A'isha kwananta, ba a hana ta ba.

Dangane da ibada a wurin aiki, mazhabar Malikiyya ta yalwata. Taɓa jikin majinyaci ba ya warware alwala muddin babu nufin jin daɗi kuma ba a same shi ba. Jinin da bai kai faɗin dirhami ba an yafe shi a tufa. Malamai sun yi rangwame ga mai shayarwa game da abin da ke samun tufarta daga jariri idan tana iya ƙoƙarinta, suka haɗa da mai sana'ar da ba ta rabuwa da najasa kamar mahauci, suka kuma so a keɓe tufa daban domin salla. Zane ɗaya da hijabi a cikin jaka sun wadatar. Idan lokacin salla ya shiga alhali mai haihuwa tana zubar da jini, ceton rai ne ke gaba, sai ta yi sallar da zarar ta sami sarari. Amma wannan ba hujja ba ce ta tara sallolin yini a kai gida.

Saura zawarawa, waɗanda su ne suka fi buƙatar sana'a, kuma su ne aka fi sa wa ido. Innar Jabir ɗan Abdullahi an sake ta, ta fita za ta girbe dabinonta tana cikin idda, wani mutum ya tsawata mata, da ta kai magana wurin Manzon Allah sai ya ba ta izni. Daga nan malamai suka ce mai idda tana fita da rana domin buƙatarta, amma kwana sai a ɗakinta. Saboda haka ɗalibar da mijinta ya rasu tana tsakiyar karatu tana iya zuwa aji da aikin rana cikin tufafin takaba, babu ado babu turare, sa'an nan ta nemi makaranta ta ɗage mata aikin dare da kwana a ɗakin ɗalibai har ta cika wata 4 da kwana 10, ko ta haife abin da ke cikinta idan tana da juna biyu. Allah ne Mafi sani.