Taguwar Bara'u da Na'urar Waifai

Daga cikin mas'alolin da zamani ya zo mana da su, waɗanda magabata ba su ambace su da sunansu ba amma suka bar mana mizanin da za mu auna su, akwai mas'alar 'yar na'urar nan mai ƙyafta fitilu da ake kira rauta, wadda a yau ake samunta a shagunan cajin waya da rumfunan masu POS da ofisoshin makarantu, tun daga Birnin Kudu har Sundimina da Gwaram, ana ciyar da ita da wutar sola inda ta gwamnati ba ta zama ba, ita kuwa tana watsa waifai ga kowace waya da ke kusa da ita. Abin da ake jayayya a kansa a majalisu shi ne, mutumin da ya sa wa tasa kalmar sirri, ya kuma ƙi bayar da ita ga kowane mai roƙo, shin rowa ya yi, ko kuwa wani haƙƙi ne ya sauke?

Ba baƙon abu ba ne wannan fanni a ƙasarmu. Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Kano a 1991, tana cikin jihohin da suka fara sa hannu a harkar sadarwar kwamfuta, domin a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, tsakanin 1999 da 2007, aka kafa kamfanin Galaxy a Dutse da makarantar koyon fasahar kwamfuta a Kazaure. Wayar hannu ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, ƙarafan sabis suka yi ta tashi a bakin hanyoyi, kana daga 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta kacokan a kan kwamfuta, har ya zama ɗan manomin da ke son shiga jami'a ba makawa sai ya zauna gaban na'urar da aka haɗa da 'yan'uwanta da kebul. Ilmin haɗa na'urori ya yaɗu a tsakanin samarinmu, alhamdu lillahi, sai dai ilmin hukuncin riƙe su bai bi shi da sauri ɗaya ba.

Masu ganin kullewa rowa ce suna da hujjar da ba za a raina ba, watau hadisin da ya sanya mutane abokan tarayya a cikin ruwa da ciyawa da wuta, suna cewa abin da ke yawo a iska ai ya fi ruwan kogi cancantar a yi tarayya a cikinsa. Amsar wannan tana kusa, gama fuƙaha'u sun daɗe da rarrabewa tsakanin ruwan da ke gudana a kogi da wanda mutum ya ɗebo da ƙarfinsa ya zuba a mazubinsa, na biyun ya zama mallakarsa. Data kuwa da kuɗi ake sayenta, da awo take ƙarewa, wanda ya sha ta ba da yardar mai ita ba ya ci dukiyar ɗan'uwansa. Amma da a nan maganar ta tsaya, da iyakar abin da za a ce shi ne kullewa halal ce, buɗewa kuma sadaka ce da ta fi ta lada. Ni kuwa abin da na tafi a kai ya wuce haka: ina ganin tsare na'urar wajibi ne a kan mai ita, saboda haƙƙin waɗansu mutane da bai san su ba, ba kuwa zai taɓa ganinsu ba.

Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa wata taguwa ta sahabi Bara'u ɗan Azib ta shiga gonar wani mutum ta yi ɓarna, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hukunta cewa tsaron gona da rana yana kan masu gona, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa lamuninsa yana kan masu dabbobin. Duk wanda ya tashi a kudancin Jigawa, inda manomi da makiyayi ke shan ruwa a rafi ɗaya, kuma kaka ba ta wucewa sai an kai ƙarar ɓarnar gona gaban mai unguwa ko dagaci, ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi a kan hikimar wannan hukunci. An ɗora tsaro a kan wanda ya fi iko da shi a wannan lokaci, kuma ya fi masa sauƙi: da rana manomi yana gonarsa, idonsa biyu, dabbobi kuma dole su fita kiwo, da dare kuwa manomi ya koma gida, ba a kallafa masa ya kwana yana gadi ba, alhali turke da igiya suna hannun mai dabba, ɗaurewar kuma ba ta cin masa komai.

To, ga abin da ya auku a shekarar 2016. Waɗansu samari a Amurka suka ƙirƙiro wata muguwar manhaja mai suna Mirai, wadda ba ta da wata dabara mai zurfi face ta bi intanet tana ƙwanƙwasa ƙofofin rautoci da kyamarorin tsaro, tana gwada sunaye da kalmomin sirri wajen sittin, irin waɗanda masana'antu ke sa wa na'ura kafin a sayar da ita, da zaton mai saye zai canza. Da yake mafi yawan mutane ba sa canzawa, sai ta mallake dubban ɗaruruwan na'urori, masu su ba su sani ba, fitilunsu na ci yadda suka saba, aka kuma haɗa su gaba ɗaya aka tura su su yi wa wuri guda cunkoso har ya durƙushe. Ranar 21 ga Oktoba na wannan shekara aka afka wa kamfanin Dyn, har manyan shafukan da suka dogara da shi, irin su Twitter, suka gagari jama'a shiga a sassan Amurka. Bayan 'yan makonni aka juya irin wannan runduna a kan kamfanin Lonestar na Laberiya, sadarwar ƙasar ta shiga mawuyacin hali, har wata kotu a Landan ta ɗaure Baturen da ya yi aikin a Janairun 2019. Ɗan kasuwar Monrobiya da harkarsa ta tsaya a waɗannan kwanaki ba shi da wata hanyar tsare kansa daga kyamarar wani mutum a wata nahiya, alhali mai kyamarar da zai zauna na 'yan mintoci ya canza kalma ɗaya da ya ɗaure tasa. A wannan fage kullum dare ne, domin wanda za a cuta ba ya ganin abin da ke tafe, turke da igiya kuwa suna hannun mai na'ura.

Na san mai ilmin usulu zai ce wannan ƙiyasi ne tare da bambanci, kuma yana da gaskiya ta wani ɓangare, domin taguwa da kanta take shiga gona, rauta kuwa wani azzalumi mai hankali ne yake kora ta, ƙa'idar malamai kuma ita ce idan wanda ya aikata ɓarna da hannunsa ya haɗu da wanda ya zama sababi kawai, ana gabatar da na farkon wajen lamuni. Saboda haka ban ce alƙali ya sa mai shagon caji na Sundimina ya biya hasarar mutumin Laberiya ba. Amma faɗuwar biya a gaban alƙali ba ta ɗauke laifin sakaci daga wanda aka sanar da shi ya ƙi kulawa, kuma tawakkali, kamar yadda kowane ɗalibi ya sani, yana zuwa ne bayan an riƙi sababi. Har ila yau, cutar ba sai ta ƙetare teku ba: tun Disambar 2020 da aka wajabta haɗa kowane layin waya da lambar NIN ta mai shi, duk damfarar da wani baƙo ya yi ta cikin rautarka, sawun da masu bincike za su fara bi shi ne na layin da ke cikinta, wato sunanka da na mahaifinka.

Ɗaurewar ba ta da wuya. Rauta tana da kalmomin sirri biyu, ta shiga waifai da ta shiga ɗakin sarrafa na'urar kanta, ta biyun ce mafi haɗari kuma ita aka fi mantawa, sau da yawa ma tana nan a rubuce a gindin na'urar yadda ta fito daga masana'anta. Sai a canza su duka da kalmomi masu tsawo, a zaɓi kulle irin na WPA2 ko WPA3, a bar tsohon nan na WEP wanda aka daɗe da karya shi, a rufe ƙofar sarrafawa daga nesa, a kuma riƙa sabunta manhajar na'urar idan masu ita sun fitar da gyara. Mai son ladan kyauta kuwa ƙofarsa a buɗe take, domin rautoci da yawa suna ba da damar a keɓe wa baƙi hanya dabam wadda ba ta kaiwa ga kwamfutar hisabin shago ko wayoyin iyali, kamar dai yadda Bahaushe ya gina zaure don ya karɓi kowa da fara'a ba tare da kowa ya ratsa cikin gida ba. Wannan ya fi a faɗa wa mutum ɗaya kalmar gida bisa alkawarin ba zai faɗa wa kowa ba, tun da wayoyin yanzu suna iya miƙa ta ga wata waya da ɗaukar hoto ɗaya.

Sauran magana tana kan wanda mabuɗin ke hannunsa, kuma ita ce ta fi damuna. Saurayin da aka kira ya haɗa na'ura a makaranta ko asibiti ko gidan wani, idan ya tafi da kalmar ɗakin sarrafawa a kansa, ya tafi da ikon ganin wayoyin da suka shiga da lokutan shigarsu, wani lokaci har da sunayen shafukan da suka ziyarta. Malikiyya sun lamuntar da masu sana'a abin da aka danƙa musu saboda maslahar jama'a, Suratul Hujurati kuma ta hana bin diddigin asirin mutane, dokokin ƙasa ma, na laifuffukan intanet na 2015 da na kare bayanan jama'a na 2023, sun bi wannan hanya. Abin da ya dace da amanar da ke wuyan saurayin nan shi ne, idan ya gama aiki, ya sa mai na'urar ya rubuta sabuwar kalma da hannunsa, shi bai gani ba, ya kuma koya masa yadda zai sake canza ta ranar da wani ma'aikaci ya bar aiki.

Mai gida ma bai fita daga wannan hani ba don na'urar tasa ce. Yana da haƙƙi, har ma wajibi, ya tsare ƙananan 'ya'yansa, ya toshe shafukan alfasha, ya sa wa na'urar lokacin da za ta ɗauke da dare, amma ya yi haka a sarari, ya tara iyalinsa ya faɗa musu abin da ya toshe da abin da na'urar ke iya nuna masa. Ya zauna a ɓoye yana bin sawun matarsa, ko ƙaninsa baligi, ko baƙon da ya ba shi kalmar da hannunsa, wannan ban sami malamin da zan jingina halaccinsa gare shi ba, kuma ina roƙon malamanmu na Birnin Kudu da Gwaram su ɗauki mas'alar su karantar da ita a zaurukansu tare da babin ajiya da babin neman izini.