Ina Himmar Gayya Ta Tafi?

A da, idan ciyawa ta fi ƙarfin mai gona, gayya yake kira. Tun da sassafe samarin gari za su hallara da fartanyoyinsu, makaɗi na biye da su da gangar noma, yana yi wa kowa kirari da sunan ubansa. Kowane saurayi ya kama kunyarsa, ba ya yarda wani ya riga shi kaiwa ƙarshe. Ladan duk wannan gumi fura ce da tuwo, sai "sannu da aiki", sai sanin cewa ran da tasa gonar ta buƙata za a zo masa. Himma ce ke tura su, zuciyar da ke jin daɗin aiki tun kafin a ga amfaninsa.

Da irin wannan zuciya matan 'Yan Taru suka riƙa takowa daga ƙauyuka, jaji, wato shugabarsu, na gabansu, su ɗauki karatu wurin Nana Asma'u su koma su koyar, babu albashi. Ta rasu a 1864, amma aikin bai mutu da ita ba.

Yau fa? Kwatar ƙofar gidanmu ta toshe da leda, sauro na cin 'ya'yanmu, amma ka ce a fito a yashe ta, amsar farko ita ce "nawa za a ba mu?" ko "ai aikin gwamnati ne". Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda muke yi wa wanda ya fito. Yaro ya ɗauki shebur don kansa, sai a ce iyayi ne, ko neman suna yake, wa ya aike shi? Gobe ba zai sake ba, kuma mu muka kashe masa gwiwa.

Na san akwai talauci, shugabanni kuma sun sha yaudarar jama'a. Amma masu gayya a da ba attajirai ba ne. Kuma himmar tana nan a jikin samarinmu: je ka gidan kallon ƙwallo ka ga yadda ake tada jijiyar wuya kan Arsenal da Barcelona. Mun daina kiranta ne zuwa ga abin da zai amfane mu, mun kuma daina yabonta.

Iyaye, masu unguwa, limamai: ku kira gayya kafin ruwan bana ya sauka, ku fito da kanku, kuma ku sa wa yaron da ya fara zuwa albarka a gaban jama'a.